Daga Kausani Zuwa Ɗakin Gwajin Murya

Yaron da ya gama sakandare a Kausani, idan burinsa aikin gona na zamani ne ko injiniyanci ko lissafi, ba sai ya yi nisa da gida ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan cikin Wudil, ga kuma Kwalejin 'Yan Sanda ga mai sha'awar kaki. Amma idan baiwar da Allah ya yi masa murya ce da kunne, yana kuma son ya karanci kiɗa har ya karɓi digiri a kai, to tafiya ta same shi. Jami'ar Wudil ba ta koyar da wannan fanni. Jami'ar Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya suna da sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandali, inda kiɗa ke shigowa a matsayin ɗan rakiya. A sassan nazarin Hausa kuwa an yi wa waƙar baka hidima sosai, ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kaɗai sun isa shaida, sai dai abin da ake feɗewa a can shi ne baitin waƙa da salonta da tarihin mai ita. Ba a ɗora wa ɗalibi kalangu a kafaɗa a ce ya buga a ba shi maki.

Abin da ɗaure kai. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, Jami'ar Jos ma ta karrama Ɗan Maraya da irinsa. Wato ilimin boko ya amince cewa abin da waɗannan mutane suka yi ilimi ne. Duk da haka mai son ya bi sawunsu ta hanyar aji da allo sai ya nufi Nsukka, inda aka buɗe sashen kiɗa na farko a jami'o'in Nijeriya a 1961, ko Ile-Ife, ko Legas, ko Awka, Abraka da Uyo. Daga cikin mafi kusa da mu akwai Jos da manyan makarantun horar da malamai na tarayya da ke Pankshin da Okene.

Mataki na farko iri ɗaya ne da na kowane ɗalibi: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, sai jarrabawar JAMB mai darussa huɗu da maki 400. Kiɗa yana cikin darussan da JAMB ke yin jarrabawa a kansu, kuma a nan ne ɗan karkarar Kano ke fara cin tuntuɓe, domin da wuya ka samu sakandaren gwamnati a yankinmu da ke da malamin wannan darasi. Wasu jami'o'in suna neman sa, wasu kuma suna ɗaga ƙafa su karɓi darussan adabi da zamantakewa, muddin ɗalibi ya tsallake gwajin da sashen zai yi masa. Sharuɗɗan kowace jami'a suna cikin kundin da JAMB ke fitarwa duk shekara. Wanda ya bar wa mai shagon intanet zaɓen darussansa, ya sa hannu ya tafi, shi ne zai ci maki mai kyau sannan a ce masa haɗin darussansa bai dace ba, shekara guda ta tafi a banza.

Sai kuma gwajin kansa, wanda shi ne ya bambanta wannan fanni da sauran. Mai neman karatun lauya ko tarihi takarda ce ke magana a madadinsa. Mai neman kiɗa dole ya tsaya da ƙafarsa gaban malamai. Tsarin yakan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Za a ce ya rera ko ya buga abin da ya shirya daga gida. Daga nan malami zai danna sauti a fiyano ya ce ya maimaita da murya, ko ya danna biyu ya tambaye shi wanne ya fi tashi sama, ko ya tafa wani kari da hannu ya ce ya mayar masa daidai. Akwai rubutacciyar jarrabawa a kan ƙa'idojin kiɗa. Akwai inda za a miƙa masa takarda mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige a kai, a ce ya rera abin da ke rubuce nan take. A ƙarshe a yi hira da shi, a ji me ya kawo shi.

Gwajin kunne bai kamata ya firgita ɗan Bahaushe ba. Harshenmu da kansa a kan hawa da saukar murya aka gina shi, shi ya sa kalangu da kotso ke iya magana a gane. Yaron da ya tashi yana jin kiɗan biki da na dambe da na manoma, yana bambance wannan take da wancan tun kafin makaɗi ya buɗe baki, kunnensa ya riga ya horu. Inda gizo ke saƙar shi ne takardar nan mai layuka biyar. Abokan takararsa da yawa sun taso ne a ƙungiyoyin mawaƙan coci, inda tun suna ƙanana suke rera do, re, mi, suna ganin rubutun kiɗa kowane mako. Wasu ma sun zo da takardun shaidar jarrabawar kiɗa ta MUSON ko ta hukumar ABRSM ta Ingila, mai hawa ɗaya zuwa takwas. Ba fin sa basira suka yi ba, an dai nuna musu haruffan tun da wuri. Kuma haruffan ba su da yawa. Wanda ya iya haddace izu-izu a makarantar allo, ya koyi baƙi da wasali na Larabci da na boko, ba rubutun kiɗa ne zai gagare shi ba idan ya samu mai nuna masa na 'yan watanni. Masu irin wannan sani suna nan a Kano: a majami'un Sabon Gari, cikin 'yan badujala na soja da na 'yan sanda, da wasu daga cikin masu danna fiyano a sitidiyo.

A ganina kuskuren da ya fi tsada shi ne yaro ya ji kunyar abin da ya iya. Ya ajiye gurmi ko kuntigi ko sarewar da ya ƙware a kai, ya je yana kame-kamen wata waƙar Turawa da ya haddace cikin mako biyu don ya burge malamai. Sassan kiɗa na jami'o'in ƙasar nan suna koyar da kiɗan Afirka kafaɗa da kafaɗa da na Turai, kuma malamin da ya wuni yana sauraron murya iri ɗaya zai ɗago kai idan ya ji garaya a hannun wanda ya san ta. Abin da ya kamata shi ne ɗalibi ya tuntuɓi sashen tun kafin ranar, ya ji ko an yarda ya zo da abin kiɗansa na gargajiya, da tsawon lokacin da za a ba shi.

Gwaji dai ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Makaɗan gargajiya ba su da ofishin ɗaukar ɗalibai, amma suna da tantancewa mai tsanani. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya shekara da shekaru a bayan ubangidansa kafin a bar shi ya ja waƙa. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kiɗa, ya yi amshi kafin ya zama jagora. Shata kuwa bai gada ba, filin kasuwa da dandali ne suka yi masa jarrabawa. Bambancin kawai shi ne wancan gwaji yana ɗaukar shekaru, na jami'a kuwa mintoci ne, kuma ba a maimaita shi sai baɗi.

Bayan gwaji sai jiran hukunci. Tun 2017 duk gurbin karatu na halal ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake fitowa, ɗalibi ya shiga ya danna amincewa ko ƙi. Gurbin da wani ya yi maka alkawari a bayan fage, bai bayyana a nan ba, zai iya zame maka ƙaya ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a baya a ilimin boko, Kano kuma tana cikin wannan jeri. Ɗan Wudil da ya nemi Nsukka ba zai shiga kason 'yan yanki ba, amma yana da ƙofa biyu, ba ɗaya ba.

Idan jami'a ba ta samu ba, akwai wasu hanyoyin. Takardar NCE a fannin kiɗa tana ba mutum damar shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ga kuma aikin koyarwa a hannu. Makarantar MUSON da ke Onikan a Legas tana ba da difloma, gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibanta, sai dai gwajin shigarta ya fi karkata ga wanda ya riga ya iya karatun kiɗa. Sojan ƙasa suna da makarantar kiɗa a Ojo, na ruwa a Ota, amma sai ka fara zama soja. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, inda ake jin Hausa kuma ake girmama kayan kiɗan gargajiya, ko da yake harkar takardu da Faransanci ake yin ta.

Akwai kuma zaman da ya fi na gaban malamai wuya, wato na gaban mahaifi. A ƙasar Hausa har yanzu da an ce kiɗa, roƙo ne ke fara zuwa zuciyar dattijo, wani kuma ta fuskar addini zai dubi abin. Yaron da zai ce "Baba, kiɗa nake so in karanta" gara ya zo da amsar tambayar da za ta biyo baya: koyarwa, haɗa sauti a rediyo da talabijin da fina-finan Kano, bincike da adana waƙoƙin da ke ɓacewa tare da masu su. Ya kuma zo da lissafin kuɗin mota zuwa Jos ko Nsukka sau biyu, na gwaji da na rajista, da kuɗin kwana, domin asusun lamunin ɗalibai na NELFUND sai bayan an samu gurbi yake fara aiki.