Daga jirgin kara zuwa na rimot: Abin da ya raba yaran Zango da jirage masu alkafura a sama

Da zarar an gama girbi a Zangon Daura, kara ya bushe a gonaki, sai kasuwar ƙere-ƙeren yara ta buɗe. Da karan dawa, da gwangwanin madara, da tsohon silifas da ake yanka tayoyi da shi, yaro zai haɗa mota ko babur. Wanda ya fi gwaninta shi ne mai haɗa jirgin sama har da farfela, ya ɗaura masa zare yana gudu, iska na juya ta.

Sai dai jirgin kara ba ya tashi, nan da nan kuma mai shi yake girma ya bar wasan.

A wasu ƙasashen, daga nan ne ake fara hawa wani tsani. A ƙarshensa akwai jiragen da faɗin fuka-fukansu ya kai mita 3, ana sarrafa su da rimot daga ƙasa, suna alkafurar da jirgi mai ɗauke da mutum ba zai iya ba.

Ba kayan wasan yara ba ne

Masu wannan harka suna kiran jirgi babba idan faɗin fuka-fukansa ya kai kusan mita 2. Yawancin na alkafura kwaikwayo ne na jiragen gaske da ake gasa da su, irin su Extra 300 na Jamus da Yak-54 na Rasha da Edge 540 na Amurka.

Ana rage girman ne da lissafi. Faɗin fuka-fukan Extra na gaske yana tsakanin mita 7.5 zuwa 8, don haka wanda aka ƙera a kan kashi 40 cikin 100 na girmansa yakan kai kimanin mita 3.

Injin ma ba ƙarami ba ne. Akwai mai cc 100, wato kusan girman injin babur ɗin Boxer da ke zirga-zirga tsakanin Zango da Baure, akwai kuma wanda ya haura cc 150. Fetur yake sha gauraye da baƙin mai, kamar ƙaramin janareto. Farfelar mai cc 100 takan kai tsawon santimita 70, tana juyawa sau dubu shida ko fiye a minti guda.

Duk da haka, jirgi mai injin cc 100 gaba ɗayansa bai cika wuce kilo 12 zuwa 13 ba. A nan sirrin yake: ƙarfin da farfela ke ja da shi ya fi nauyin jirgin. Shi ya sa gwani zai iya miƙar da hancinsa sama ya tsayar da shi cak a kan wutsiya, dab da ƙasa, kamar an rataye shi. Zai iya kwantar da shi a gefe, fiffike ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, ya wuce a haka.

Yadda ake haɗa shi

Ƙashin jirgin na katako ne. An fi amfani da balsa, wani ice maras nauyi da akasarinsa daga ƙasar Ikwado ake samo shi, sai falanki mai sirara a wuraren da ke ɗaukar nauyi. Wani bututu na zaren kabon ko alminiyom ne ke ratsa gangar jikin ya riƙe fuka-fukan biyu. Daga nan sai a lulluɓe shi da wata leda da ake mannawa da dutsen guga, zafi ya sa ta ɗame.

Wurare uku ne ke juya jirgi. Akwai leɓen da ke bayan kowane fiffike, wanda ke mirgina shi dama ko hagu. Akwai leɓen wutsiya na kwance, mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Sai na tsaye, mai karkata hancin gefe. Kowanne yana da ɗan injin lantarki da ke ja da tura shi bisa umarnin da ya zo daga rimot.

Abin da ya fi kayar da sabon maƙeri shi ne daidaita nauyi. A bisa al'ada, idan aka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fuka-fukai, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin gaba na fiffiken, ya kamata ya tsaya daidai. In gaba ya ɗan fi nauyi, zai tashi amma da ƙyar ake juya shi. In baya ne ya fi nauyi, ba ya jin magana, kuma galibi tashinsa na farko shi ne na ƙarshe.

Kyan siffa ba ya ɗaga jirgi. Da yawa daga cikin jiragen da matasa ke ƙerawa da langa-langa suna burge ido, amma nauyinsu ya fi ƙarfin fuka-fukansu.

Darasin jirgin Mubarak

Arewa ba baƙuwar wannan buri ba ce. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jiragen sojin saman Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, jirgi ya shiga zukatan mutanen yankin.

A 2007 sunan wani ɗalibin kimiyyar Fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya zagaya duniya bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Injin tsohuwar Honda Civic ya sa masa. Rahotannin lokacin sun ce wata takwas ya yi yana aikin, kuma jirgin ya ɗaga sau da dama, sai dai bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Labarin ya nuna himma, ya kuma nuna giɓin da ke akwai. Wanda ya fara da babban jirgi, kuskure ɗaya na iya cin ransa da duk abin da ya tara. Wanda ya fara da ƙarami na rimot kuwa, zai faɗi sau ashirin, ya gyara sau ashirin, kowace faɗuwa ta bar masa darasi.

Ƙaramin jirgi ma ya taɓa kafa tarihi. A watan Agusta 2003, wani dattijo Ba'amurke mai shekara 77, Maynard Hill, wanda idanunsa suka kusa mutuwa gaba ɗaya, ya ƙera jirgi mai nauyin kilo 5 da ya tsallaka tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ayalan. Tafiyar ta haura kilomita 3,000, cikin kusan sa'a 39, da man da bai kai lita huɗu ba.

Iskar Zango da ƙurarta

Ta fuskar fili, Zango ba ta da matsala. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kuma daga kaka zuwa faɗuwar damina gonaki a buɗe suke.

Yanayi ne ke da sharaɗi. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100 idan aka kwatanta da digiri 15. Ma'ana, fiffike zai rage ɗagawa, inji zai rage ƙarfi, jirgi zai buƙaci doguwar hanya kafin ya tashi. Shi ya sa sanyin safiya ya fi dacewa.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Tana shiga kafireto, tana cin cikin inji, hazo kuma yana ɓatar da jirgi daga idon mai tuƙi. Jirgin rimot da ido ake tuƙa shi. Da zarar mai shi ya kasa bambance gaba da baya, ya rasa shi.

Batiran litiyam da ake sa wa masu aiki da lantarki su ma ba sa son rana. In suka huje ko aka cika musu caji fiye da kima, suna iya kamawa da wuta.

Doka, musamman a bakin iyaka

Babban abin da ya kamata matashin Zango ya sani ba na kanikanci ba ne. A watan Mayu 2016, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta haramta tayar da jirage marasa matuƙa ba tare da izininta da na Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Shigo da irin waɗannan jirage daga waje ma sai da takardar izini daga wannan ofishi.

Zango na kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma Jihar Katsina ta daɗe tana fama da matsalar tsaro. Jami'in da ya hango wani abu na shawagi a sama ba shi da hanyar sanin na ɗalibi ne ko na mai leƙen asiri. Yaron da ya shafe watanni yana tara kuɗi zai iya rasa jirginsa, ya kuma kwana yana amsa tambayoyi.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi abin a ƙarƙashin inuwar makaranta ko ƙungiya mai rajista, a fili guda sananne, da sanin mai gari da jami'an tsaro, bayan an nemi izinin da doka ta tanada. Haka ake yi a ƙasashen da harkar ta kafu, inda a Amurka da Turai iyakar da aka saba gindayawa ita ce mita 120 daga ƙasa.

Akwai kuma batun rai. Jirgi mai kilo 12 da ya kuɓuce a guje na iya kashe mutum, farfelarsa kuma tana datse yatsu. A garin da yara ke rugawa duk inda suka ji ƙarar inji, dole a ja layi tsakanin 'yan kallo da filin tashi.

Matakin farko

Ba da babban jirgi ake farawa ba. Kuɗinsa na kai dubban daloli, kuma kusan komai nasa daga waje yake zuwa.

Mataki na farko yana cikin wayar hannu. Akwai manhajojin koyon tuƙin jirgin rimot, inda mutum zai faɗi sau ɗari ba tare da asarar ko sisi ba. A nan ne hannu ke sabawa da abin da ke rikita kowane sabon shiga: idan jirgi ya juyo yana fuskantar mai tuƙi, damansa ta koma hagun mutum.

Na biyu shi ne ƙaramin jirgi mai fiffike a sama, wanda ake yankawa daga farin soson da ke zuwa a kwalin firji ko talabijin, a sa masa ƙaramin injin lantarki. Ba ya gudu, in ya karye kuma gam ne maganinsa. Sai hannu ya faɗa a wannan ake matsawa gaba.

Inda tsanin ke kaiwa ba shi da nisa. A Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disamba 2019. A Zariya akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964. A Kaduna akwai Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama, AFIT, mai koyar da injiniyancin jirage.

A Kaduna ɗin ne kuma aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙa na rundunar sojin sama masu sunan Hausa: Gulma a Disamba 2013, da Tsaigumi a Fabrairu 2018. Lissafin da ya ɗaga su sama shi ne dai na nauyi da fiffike da farfela da ke ɗaga jirgin soso.

Abin da ake buƙata a Zango bai wuce malamin kimiyya guda mai sha'awa ba, da rimot ɗaya da ɗalibai za su riƙa karɓa-karɓa, da takardar izini a aljihu. Masu hannun ƙira kuwa suna nan, kowace kaka ana ganinsu a bakin gona suna fere kara.