Timiya, Inda Ruwa Ke Faɗowa Daga Dutse

Ɗan'uwa manomi, ka taɓa ganin korama ta faɗo daga bisa dutse? Akwai ta a Timiya, cikin duwatsun Abzin, wajen kilomita 220 arewa da Agadas. Da damana, in an yi ruwa, sai ta zubo cikin tafki mai sanyi.

In ka je, kada kallo ya tsaya nan. Shiga garakan Abzinawa. A al'adance, raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƙananan hanyoyi har gindin lemu, rumman da dabino. Ruwa kaɗan, amfani mai yawa.

In ka komo gida, dubi taka garka: ruwa nawa ke zubewa banza tsakanin rijiya da shuka? Gani ya kori ji.