Mai Nazarin Dodon Koɗi Ba Ɓata Lokaci Yake Yi Ba

A unguwannin Kakuri da Makera da Barnawa na garin Kaduna, idan yaro ya samu gurbin karanta ilimin dabbobi a jami'a, ba kasafai ake yi wa iyayensa barka ba. Ana ganin likitanci ne ya kuɓuce masa. Wasu kan ce, me za a tsinta a nazarin tsutsa da katantanwa da halittun teku, a garin da ko teku babu? Damuwar iyayenmu tana da tushe, domin sun ga yadda masaƙun Kakuri suka rufe, suna kuma son ɗansu ya riƙe abin da zai ciyar da gida. Sai dai wannan hukunci bai yi wa ilimin adalci ba.

A shekarar 1882, masanin dabbobi ɗan Rasha Élie Metchnikoff yana garin Messina na Italiya, yana bin yadda halittun teku marasa ƙashin baya ke girma daga ƙwai. Ya soka ƙaya a jikin jaririn tauraron teku, sai ya ga wasu ƙwayoyin halitta sun taru sun kewaye ta. Daga nan aka fahimci yadda fararen ƙwayoyin jininmu ke cinye ƙwayoyin cuta. Aikin ya kai shi ga lambar Nobel ta fannin likitanci a 1908.

Mu dawo gida. Tsargiya, wadda wasu ke ɗauka alamar balaga ce ga yaro, tsutsa ce ke jawo ta. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa dole ta fara girma a jikin dodon koɗi na ruwa kafin ta fito ta huda fatar mai wanka. Saboda haka ko an sha magani an warke, yaron da ya koma kududdufin da katantanwar take zai sake kamuwa. Wa zai duba gaɓar Kogin Kaduna ya nuna mana inda take hayayyafa, in ba wanda ya karanci rayuwarta ba?

A tsallaken kogi ma akwai cibiyar binciken ƙudan tsando da cutar sammore, wadda ke aiki tun zamanin mulkin mallaka, makiyaya kuma suna cin moriyarta.

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku sun zaɓi wannan fanni, ku sa musu albarka. Likita yana warkar da wanda ya kamu, su kuwa suna toshe hanyar da cutar ke biyowa.