Tiyatar zuciya ta ƙaramin yanka: Abin da ke sa jijiyar da aka dasa ta daɗe tana aiki

Idan kitse ya toshe jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya, ɗaya daga cikin hanyoyin magani ita ce a ɗauko lafiyayyar jijiya daga wani sashe na jiki, a ɗinke ta a gaban wurin da ya toshe, domin jini ya samu sabuwar hanya. A tsohon salo, sai an tsaga ƙashin ƙirji biyu. A sabon salo kuwa, likita kan shiga ta wani yanka da bai wuce santimita 10 ba a tsakanin haƙarƙarin hagu, galibi zuciya na ci gaba da bugawa.

Majinyata da yawa sun fi son wannan salo saboda ba a cika zubar da jini ba, kuma ana saurin miƙewa. Sai dai ƙanƙantar tabo ba ita ce ma'aunin nasara ba. Abin dubawa shi ne ko jijiyar da aka dasa za ta kai shekara goma a buɗe, domin idan ta toshe, ciwon ƙirji kan dawo, wani lokaci ma da bugun zuciya.

Abu na farko shi ne irin jijiyar da aka zaɓa. A 1964 likitan Tarayyar Sobiyet, Vasilii Kolesov, ya yi aikin da jijiyar da ke bin bayan ƙirji ta ciki. A 1967 kuma René Favaloro, ɗan Ajantina da ke aiki a asibitin Cleveland na Amurka, ya fara amfani da doguwar jijiyar ƙafa. Lokaci ya nuna bambancinsu. Jijiyar ƙirji ta hagu, wadda likitoci ke kira LIMA, fiye da kashi 90 cikin 100 nata kan kasance a buɗe bayan shekara goma idan an haɗa ta da babbar jijiyar gaban zuciya. Ta ƙafa kuwa, kusan rabi kan toshe ko su lalace a wannan tsawon lokaci, saboda an halicce ta ne don mayar da jini cikin sanyin gudu, ba ta saba da ƙarfin bugun da ke fitowa daga zuciya ba. Sa'ar da aka yi, tiyatar ƙaramin yanka ta fi dogara ne da jijiyar ƙirjin.

Na biyu shi ne yanayin jijiyar zuciyar da za a ɗinka wa. Idan faɗinta bai kai milimita ɗaya da rabi ba, ko kitse ya taurara a jikinta baki ɗaya, jinin da aka kawo ba ya samun wurin tafiya, sai ya yi jinkiri ya daskare. Akwai kuma wani abin mamaki: idan toshewar asali ba ta yi tsanani ba, jini kan ci gaba da bin tsohuwar hanyarsa, sabuwar ta rasa aiki har ta tsuke. Wannan ya fi shafar jijiyar da ake cirowa daga sangalin hannu, shi ya sa ake keɓe ta ga toshewa mai tsanani.

Na uku shi ne hannun likita, kuma a nan ne ƙaramin yanka ke da nasa ƙalubalen. Ɗinki ne da zaren da kaurinsa bai fi na gashi ba, a wuri mai ƙunci, a kan zuciyar da ke motsi. Ana amfani da wata na'ura da ke danne ɗan wurin da ake ɗinkawa don ya tsaya cik. Duk da haka, kuskure kaɗan a bakin ɗinkin, ko lanƙwashewar jijiyar, ko rauni wajen ciro ta, na iya toshe ta cikin makonni. Don haka cibiyoyi da dama kan auna gudun jinin da ke cikinta kafin a rufe ƙirji, a gyara nan take idan an ga tawaya. Yawan irin wannan aiki da likita ya yi yana da tasiri sosai.

Saura kuma yana hannun majinyaci. Toshewar watan farko galibi daga daskarewar jini take, shi ya sa ake fara ba da asfirin cikin sa'o'i bayan tiyata, a ci gaba da shi. Bayan shekara guda, kitse ne ke sake taruwa, musamman a jijiyar ƙafa, kuma magungunan statin na rage wannan. Shan taba, ciwon sukari da hawan jinin da ba a kula da su ba duk suna gaggauta lalacewar.

Duk wanda aka ba wa shawarar wannan tiyata, ya kyautu ya tambayi likitansa wace jijiya za a dasa, sau nawa ya yi irin aikin, da kuma ko ana auna gudun jini kafin rufewa. Bayan an sallame shi kuma, kada ya daina shan magani don ya ji sauƙi sai da izinin likita.