Yadda Za A Magance Farin Ƙwaro A Jikin Murtsunguwa Da Ire-irenta

A gidaje da ofisoshi na Birnin Kudu, Kiyako da Gwaram, ana samun masu ajiye murtsunguwa da kabar giwa a cikin tukwane domin ado, tun da tsirrai ne masu jure ƙishirwa. Babban abokin gabarsu shi ne wani ɗan farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, wanda yake laɓewa a gindin ƙaya, da tsakanin ganye, har ma da cikin saiwa. Yana tsotse ruwan jikin tsiron har ya yi rawaya ya yanƙwane. Yana kuma fitar da ruwa mai danƙo irin darɓar da manoma suka sani a jikin dawa, wadda daga baya take yin baƙi kamar kunkunniya. Tururuwa na son wannan zaƙi, saboda haka takan tsare ƙwaron daga abokan gabansa. Ganin tururuwa tana hawa tukunya alama ce ta farko.

Bai kamata a raina shi ba. Wani danginsa da aka gano a Kongo a 1973 ya yi wa rogo mummunar ɓarna a Afirka, sai da cibiyar IITA ta Ibadan ta fara sakin wani ɗan zanzaro daga Kudancin Amurka a 1981 sannan aka shawo kansa. Wani kuma ya cinye gonakin murtsunguwa a Maroko daga 2014.

Da zarar an gan shi, a ware tukunyar daga sauran, a kuma nisanta ta da gwanda da sauran shuke-shuken gida. A jiƙa auduga da sifirit a goge ƙwarin ɗaya bayan ɗaya. Idan sun yi yawa, a fesa ruwan sabulu maras ƙarfi ko jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya da yamma, domin fesawa cikin rana tana ƙona fatar tsiron. A maimaita duk bayan kwana 7, saboda ƙwayayen da suka tsira za su ƙyanƙyashe. In saiwa ta kamu, a zubar da ƙasar, a wanke saiwar, a bar ta ta bushe kafin a dasa a sabuwar ƙasa mai rairayi. Wanda ya lalace ƙwarai, ƙona shi ya fi.

Ana jan hankalin jama'a da su guji fesa maganin ƙwari na gona, musamman fiya-fiya, a ɗakin da mutane ke kwana. Haɗarinsa ga yara ya fi darajar tsiron nesa ba kusa ba. Masu ajiye tinya ko ƙyarana kuma su kiyayi farin ruwansu, domin yana illata ido. Idan ƙwaron ya bayyana a gona ko lambu, sai a sanar da malamin gona na hukumar JARDA ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma.