Minti nawa matsafi ke buƙata kafin ya yi sihiri?

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, matsafi ba ya jefa sihiri yadda ya ga dama. Sai ya huta, ya buɗe kundinsa ya haddace, kuma a tsoffin bugu na wasan, da zarar ya yi amfani da sihirin sai ya goge daga kansa. Gygax ya aro dabarar daga labaran marubuci Jack Vance.

Lokacin haddar ne ya riƙa canjawa. A littafin jagoran wasa na 1979, kowane matakin ƙarfin sihiri na cin minti 15, wato sihiri ɗaya mai mataki na tara sai awa 2 da kwata. Bugun 1989 ya rage zuwa minti 10. Na 2000 ya ce hutun awa 8, sannan awa guda ta wadatar wa duka.

Bugun 2014 ya mayar da shi minti ɗaya kan kowane mataki, amma ya bar baya da ƙura. Ƙa'idar ta ambaci kowane sihirin da ke cikin jerin da matsafi ya zaɓa ya haddace. To, wanda ya canja guda ɗaya tak, duka jerin zai sake bi, ko sabon kawai? Lafazin ƙa'idar ya karkata ga duka, kodayake jagorori da yawa kan kau da kai, sai idan abokan gaba na bakin ƙofa. Wasan ya bar hukuncin ƙarshe a hannun jagora.