Buzuzu, Dila da Gashin Jimina: Allolin Tsohuwar Masar

Duk wanda ya taɓa ratsa makiyaya da hantsi ya san buzuzu, ƙwaron nan mai dunƙule kashin shanu ya yi ta mirgina shi da ƙafafun baya. Manomin Masar na shekaru 4,000 da suka wuce ma ya san shi, sai dai abin da ya karanta a jikinsa daban ne. Ya ga ƙwaro yana tura dunƙule a ƙasa, ya ɗaga kai ya ga rana tana tafiya a sama, ya ce lalle ita ma akwai mai tura ta. Daga nan aka sami Kefri, abin bautar fitowar rana, wanda ake zanawa da jikin mutum da kan buzuzu. Har gobe masu sayar da tsaraba a Luksor suna cika faranti da ƙananan buzuzun dutse.

Yawancin allolin Misirawan da, waɗanda sunayensu suka haura 1,000, haka suka samo asali: daga rana, da kogi, da dabbobin da ake gani kullum. Mai kallon zanensu yau zai iya tsayawa a kawunan dabbobin ya wuce. Amma a ƙarƙashin kan shaho da kan dila akwai fargaba guda da ta hana mutanen nan barci har kusan shekaru 3,000, wato kada tsarin duniya ya watse.

Dalilin yana bakin kogi. Masar ba ƙasar damina ba ce. Ruwan da ke sauka a tsaunukan Habasha shi ke cika Nilu, ya yi ambaliya daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, ya janye ya bar baƙar laka a gonaki. Da wannan laka suka raɗa wa ƙasarsu suna, Kemet, wato baƙar ƙasa, hamadar da ke kewaye kuwa Deshret, jar ƙasa. Idan ruwa ya gaza, yunwa. Idan ya yi yawa, ya cinye ƙauyuka. Ambaliyar kanta sun mai da ita abin bauta, Hafi, namiji mai tumbi da zubabbun nonuwa, alamar ƙoshi. Daidaiton da suke nema, ruwa ya zo a kan kari, rana ta fito, mai mulki ya yi adalci, suna kiransa Ma'at. Kalmar ta haɗa gaskiya da adalci da tsari, kuma ana zana ta a siffar mace da gashin jimina a ka. Babban aikin sarki shi ne tsare Ma'at. Kalmar Fir'auna ma daga harshensu ta fito, daga "per-aa", babban gida, wato fada.

Ko fitowar rana ba su ɗauke ta tabbas ba. A imaninsu, Ra, abin bautar rana, yana ratsa sama cikin jirgin ruwa da yini, da dare ya shiga duniyar matattu ya yi sa'o'i 12, inda wani ƙaton maciji mai suna Afef ke tare masa hanya. Saboda haka masu hidimar gidajen bauta sukan ƙera macijin da kakin zuma, su tofa masa yawu, su tattake shi, su jefa a wuta, don gari ya waye. Cibiyar bautar Ra, birnin da Girkawa suka kira Heliyofolis, yanzu tana ƙarƙashin unguwannin Ain Shams da Matariya a Alkahira, inda dogon ginshiƙin dutse na sarki Senusret na ɗaya yake tsaye har yau.

Labarin da ya fi shiga zukatan talakawa kuwa na rikicin gida ne. Osiris sarki ne nagari, ɗan'uwansa Set ya kashe shi don hassada, ya yayyanka gawar ya watsa a faɗin ƙasa. Marubucin Girka Fulutak, wanda ya zo daga baya ƙwarai, ya ce gunduwa 14 ne. Matarsa Isis ta bi kogi tana tsintowa, ta harhaɗa shi, ta sami cikin ɗansu Horus, ta ɓoye jaririn a cikin fadamun arewa har ya girma ya karɓi gadon ubansa. Osiris ya zama sarkin matattu, Horus mai kan shaho ya zama abin koyin kowane sarki mai rai, Set kuma aka bar masa hamada da guguwa. Manomi ya fahimci wannan labari ba tare da fassara ba: iri ne ake binnewa ya tsiro. Shi ya sa ake shafa wa fuskar Osiris koren launi, kuma a kabarin sarki Tutankamun an sami wani akwati mai siffarsa cike da lakar Nilu da aka shuka hatsi a ciki.

Inda addinin nan ya fi nuna zurfinsa shi ne wajen hisabi. Idan mai hali ya mutu, akan ɗauki kwana 70 ana shirya gawarsa. Ana busar da ita da wani gishiri da ake haƙowa a Wadi Naɗrun, ɗan'uwan kanwar da ke cikin kowane madafin Hausa. Ƙwaƙwalwa akan cire ta, amma zuciya a bar ta a ƙirji, domin a wurinsu ita ce mazaunin hankali, kuma ita za a auna. Takardar wani magatakarda mai suna Ani, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yanzu kuma tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, ta nuna yadda suka hango ranar. Anubis mai kan dila yana durƙushe a gindin ma'auni, zuciya a gefe ɗaya, gashin Ma'at a ɗaya gefen. Tot mai kan jinjimi, ubangidan marubuta, yana riƙe da alƙalami. A bayansa Ammit tana jira, kanta na kada, ƙirjinta na zaki, bayanta na dorina, dabbobi uku da Bamisire ya fi tsoro. Zuciyar da ta rinjayi gashin ita ce abincinta, kuma mai ita ya shafe ke nan har abada.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kai shi ne laifuffukan da mamaci zai musanta a gaban alƙalai 42. Ban da kisa da sata, dole ya rantse bai tauye mudu ba, bai danne ma'auni ba, bai ci iyakar gona ba, bai tare ruwa a lokacin ban-ruwa ba, bai hana jariri nono ba. Waɗannan ba zancen fada ba ne, zancen kasuwa ne da gona. Al'ummar da ta sa tauye mudu cikin abin da zai hallaka mutum bayan mutuwa ta san abin da ke riƙe gari. Gaskiya ne masu kuɗi sukan sayi layu, har da buzuzun dutse da ake ɗora wa gawa a ƙirji don kada zuciya ta ba da shaida a kan mai ita, wanda ke nuna cewa sun yarda da ma'aunin har suna jin tsoronsa.

Talaka ba ya shiga ƙuryar haikali. Can ciki masu hidima ne ke buɗe wa gunki ƙofa da asuba, su wanke shi, su tufatar da shi, su yi masa turare, su ajiye abinci. A gida mutane suna da nasu: Bes, gajere mai gemu da harshe a waje, mai korar mugun abu daga wurin yara, da Taweret, dorina mai ciki, wadda mata ke kira lokacin naƙuda. Bastet mai kan kyanwa tana da birninta kusa da Zagazig na yau, kuma masu ziyara sukan sayi gawar kyanwa da aka naɗe su miƙa hadaya. Yawansu ya kai a 1890 an yi gwanjon dubbansu a Libaful ta Ingila aka yi takin gona da su.

Inda bauta ta taru, dukiya na biye. Amun na birnin Tibis, wanda sunansa ke nufin ɓoyayye, ya zama sarkin alloli, aka gwama shi da Ra. Zauren haikalinsa na Karnak kaɗai yana da ginshiƙai 134, kuma a zamanin Ramsis na uku mutum sama da 80,000 ne ke yi wa gidan Amun aiki. Sarki ɗaya ya taɓa yi wa wannan iko tawaye. Akenaten, wanda ya hau mulki wajen 1353 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗaukaka faifan rana, Aten, ya sa aka kankare sunan Amun daga bango, ya gina sabon birni a Amarna. Abin bai daɗe a bayansa ba. Yaron da ya hau gadon ba da jimawa ba, Tutankaten, ya sauya suna zuwa Tutankamun, aka sake buɗe tsofaffin gidajen bauta.

Amun ya yi nisa har cikin Sudan ta yau. A gindin dutsen Jabal Barkal, kusa da garin Karima, sarakunan Kush suka riƙe shi da hannu biyu, kuma da sunansa sarki Fiye ya ci Masar da yaƙi a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen kudu ne ma suka fi daɗewa a kan tsohuwar bauta. Bayan Kiristanci ya mamaye Masar, sun ci gaba da zuwa haikalin Isis a tsibirin Fila, kusa da Aswan. A can aka sassaƙa rubutun zanen Misirawan da na ƙarshe da aka sani, a shekara ta 394 miladiyya, kuma a ƙarni na 6 sarkin Rumawa Jastiniyan ya rufe wurin. Daga nan rubutun ya zama kurma, ba mai karanta shi, sai a 1822 da Bafaranshe Shamfoliyon ya warware shi. Madatsar ruwan Aswan da aka kammala a 1970 ta kawo ƙarshen ambaliyar Hafi, ta kuma bar haikalin Isis cikin ruwa, sai da hukumar UNESCO ta jagoranci kwance shi dutse bayan dutse, aka sake ɗora shi a tsibirin Agilkiya da ke kusa, inda ƙananan jiragen ruwa ke kai baƙi kowace safiya.